Iskar Ɗakin Gwaji: Ina Take Fita?



Duk wanda ya san zafin Yola a watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ba zai ga laifin mai rufe taga ya kunna na'urar sanyaya ɗaki ba. A ofis hakan daidai ne. A ɗakin gwajin cututtuka kuwa ganganci ne, domin irin na'urar da muke liƙawa a bango juya iskar ciki kawai take yi, ba ta fitar da ita. Idan ma'aikaci ya buɗe kwalbar majinar mai tarin fuka, abin da ya tashi a iska nan zai yi ta zagaye har wani ya shaƙa.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida kan ɗakunan gwajin tarin fuka: iska ta sauya sau 6 zuwa 12 a kowace awa, ta shigo daga wuri mai tsabta, ta wuce ma'aikaci, ta bi ta kan samfur, sannan ta fice waje. Inda haɗarin ya fi yawa, injiniyoyi kan sa fankar zuƙa ta rage ƙarfin iskar ɗakin, yadda ko an buɗe ƙofa iska ciki za ta kwarara. Amma fanka wuta take ci, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iskarta. Wanda zai zana irin wannan gini a Jimeta dole ya sa waɗannan biyun a lissafi tun kafin a haƙa tushe.

Mu ba baƙin wannan haɗari ba ne. A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa, nan maƙwabtanmu a Borno. Da aka kai samfurin zazzaɓin zuwa Jami'ar Yale a Amurka, ya kwantar da Dakta Jordi Casals, ya kashe wani ma'aikacin ɗakin gwaji.

Yau a Yola muna da Jami'ar Modibbo Adama da asibitin koyarwarta, ga Jami'ar Amurka ta Najeriya (AUN), ga Asibitin Ƙwararru. Ɗakunan gwaji sai ƙaruwa za su yi. Yabon da ya kamata su nema shi ne shaidar inganci irin ta ISO 15189, wadda sai masu bincike sun duba aiki suke bayarwa. Kiranmu ga gwamnati da masu ba da kwangila: kafin a yanke ƙyalle, a kira injiniya ya auna iskar a gaban ma'aikatan da za su wuni a ciki, a kuma ware kuɗin sauya matatar iska da gyaran fanka a kasafin kowace shekara.