Lambun Makaranta Ba Wurin Feshin Guba Ba Ne

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai abin da ke faruwa a garuruwanmu, daga Ɗambatta zuwa Bichi, daga Kunci zuwa Bagwai, wanda yin shiru a kansa laifi ne. Yaron da muka koya wa darasin noma da safe, shi ne ake goya wa tankin feshi da la'asar, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Mu muna koyar da noma a kan allo, dillalan magani kuwa suna koyar da shi a gona.

Masu cewa haɗa amfani iri-iri a fili ɗaya ƙauyanci ne, sai mu tambaye su: da me ƙasar Kano ta ciyar da wannan ɗimbin jama'a shekara da shekaru, a gonakin da ba sa hutawa? Da taki da gicci ne, gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƙwaro kuma ba ya samun shimfiɗar abincinsa daga wannan kunya zuwa waccan. Haka abin yake a lambu. Albasa da tafarnuwa da ɗaɗɗoya, idan aka jera su tsakanin tumatir da kabeji, ƙamshinsu yana rikita wasu ƙwari, furen ɗaɗɗoya kuma yana janyo ƙwarin da ke cin masu ɓarna. Ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka yana hana tsutsa cin ganye. Feshi barkatai kuwa ba ya bambanta aboki da maƙiyi.

Mun ga inda dogaro da kwalba ya kai mu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari a jikinsa. A 2016 tsutsar sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, manoma na ta feshi tana ta ci. Waken da Turawa suka ƙi, 'ya'yan wa suka ci?

Ba mu ce ɗaɗɗoya za ta kori kowace annoba ba. Akwai lokacin da magani ke zama dole, amma sai a hannun babba mai sani, da awo, da kariya. Abin da muka ƙi shi ne a mayar da shi matakin farko, a kuma ɗora shi a bayan yaro.

Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantu da hukumomin ilimi na ƙananan hukumominmu da su farfaɗo da lambun kowace makaranta. A raba shi gida biyu, tumatir zalla a gefe, gauraye a gefe, ɗalibai su ƙirga ƙwari da kansu, su rubuta abin da suka gani. A nemi shawarar Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, a kuma gayyato dattawan manoma su shigo aji. Kada a ƙara bai wa ɗalibi tankin feshi da sunan aikin makaranta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kawo wannan batu taron reshe na gaba.