Wa Ke Zaɓa Wa Ɗanka Ƙasar Da Zai Je Yawon Buɗe Ido?

Sharhinmu na yau da iyaye yake, iyayen nan Majidaɗi da sauran unguwannin Jalingo waɗanda 'ya'yansu ke makarantun kuɗi, ko a nan gida, ko a makarantun kwana na Yola da Jos da Kaduna da Abuja. Da zarar zango na uku ya doshi ƙarewa, sai yaro ya shigo gida da takarda mai sheƙi, wai makaranta za ta kai ɗalibai ƙasar waje a dogon hutu. Ga Dubai, ga Landan, ga Masar, ga Gana, wani lokaci har da Umara. A zaɓi guda, a biya kafin wata ya mutu. Yaro na rawar jiki, uwa na kallon uba, uba kuma na lissafi a zuci.

Ni dai ba ni da faɗa da tafiya. A 1943 marigayi Abubakar Imam ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya duba, ya yi tambaya, ya dawo ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, jama'a suka ƙaru da abin da idonsa ya gano. Irin wannan tafiya kowa na so wa ɗansa. Faɗana da la'ada ne. Ku riƙe wannan magana, don zan yi ta maimaita ta har ƙarshen shirin nan: sau da yawa la'ada ce ke zaɓar ƙasar, amfanin yaro yana biyo baya.

Ga yadda abin ke gudana. Dillalin tafiya ya sami mai makaranta, ya shimfiɗa masa tsari: kowane ɗalibi da aka samo akwai kaso a kansa, in adadi ya kai kaza kuma akwai kujerar kyauta ga wani babba a makarantar. Wa ya biya wannan kujera? Kai, Alhaji. Ke, Hajiya. An narkar da kuɗinta cikin kuɗin da aka rubuta muku dunƙule, ba a ware na jirgi ba, ba a ware na masauki ba, ba a ware na abinci ba. Gwargwadon tsadar ƙasa, gwargwadon kaurin la'ada. Shi ya sa za ka ga ƙasar da ta fi tsada ita ce a saman takarda da manyan hotuna, wadda ta fi sauƙi kuwa an tura ta can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Ban ce kowace makaranta haka take ba. Akwai masu tsoron Allah. Amma mai tsoron Allah ba zai ji haushi ba in ka ce ya warware maka lissafi.

Kuma a wane zamani ake wannan? Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haye naira 1,500. Fasfo mai shafi 32 ya koma naira 100,000 tun daga watan Satumba na 2025, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Tun yaro bai taka ƙofar jirgi ba, albashin wata na ƙaramin ma'aikaci bai isa fasfonsa ba. Sannan kuɗin neman bizar Ingila, in an hana yaro, ba a mayarwa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, ta taɓa rufe ƙofar biza ga 'yan Najeriya daga ƙarshen 2022 har zuwa watan Yuli na 2024. To in haka ta sake faruwa bayan ka biya, wa zai ɗauki asara? Dillali ya riga ya cire la'adarsa. Ka nemi amsar wannan a rubuce, da sa hannu, kafin ka saki ko kwabo.

Yanzu mu duba ƙasashen, in faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Dubai ita ce ta ƙarshe a wurina. Dogayen gine-gine, manyan kantuna, hawan mota a kan rairayi. Yaro ɗan shekara 15 zai dawo da hotuna da sha'awar kayan da ubansa ba zai iya saya masa ba. Landan tana da abin koyo, gaskiya. A babban gidan tarihinsu akwai kayan tagulla na masarautar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, kuma shiga kyauta ne. Amma sai in malamin tarihi ne ya riƙe hannun yaran, ya shirya su tun daga aji. In ba haka ba, yawon titi ne da tsada. Masar ta fi kusa da zuciyarmu, ga dalar Giza, ga Azhar da ta haura shekara dubu ana karatu a cikinta. Umara kuwa ibada ce, ba a haɗa ta da yawon shaƙatawa a jeri ɗaya, kuma in ɗiya mace ce, a fara jin ta bakin malamai kan batun muharrami.

Da ni za a tambaya, Gana zan nuna. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zama har kwana 90. Yaro zai shiga gidan Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, ya ga ɗakunan da aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Wanda ya tsaya a wannan ɗaki ba zai ƙara ɗaukar darasin tarihi da wasa ba. Zai shiga zangon Kumasi ko unguwar Nima a Akra, ya ji ana ciniki da Hausa, ya tambayi dalili, a ba shi labarin fataken da suka bi hanyar Gwanja da Salaga neman goro har suka kafa zuriya a can. Ga ilimi, ga sauƙin kuɗi, ga kusa. Me ya sa ba a cika tallata ta ba? La'adarta ba ta da kauri. La'ada, jama'a, la'ada!

Sai dai ko wace ƙasa aka zaɓa, akwai tambayar da ta fi sunan ƙasar nauyi. Hannun wa za ka danƙa ɗanka? Malamai nawa ne za su bi yara nawa? In da 'yan mata a tawagar, akwai malama mace da za ta kwana kusa da su? Wa ke riƙe fasfo? Yaro mai sikila ko asma, wa ya san maganinsa, kuma inshorar lafiyar da aka ce an yi ta ƙunshi ciwon da ya tafi da shi daga gida? An yi allurar shawara an karɓi katinta? Abincin halal ne? Duk mun tuna watan Afrilu na 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum a motoci, suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar. Waɗannan manya ne 'yan jami'a. Ina ga yaron sakandare? Kujerar kyautar nan da na ambata, in dai za a ba da ita, malamin da ya san yaran ya kamata ya hau, ba ɗan'uwan mai makaranta ba.

Kuma ku lura, lissafin dillali daga filin jirgin Abuja yake farawa. Mu kuwa a Jalingo muke. Ko dai a nemi jirgi daga nan ko daga Yola, ko a bi mota ta Wukari, hanyar da kowa ya san wahalar da aka sha a kanta tun da ruwa ya karya gadar Namnai a 2024. Wannan ɓangare na tafiyar, wa ke da alhakinsa? Ba a rubuta ba.

Bari in ɗan ratse, don abin yana cina. Haba jama'ar Taraba! Yara nawa ne a makarantun Jalingo suka taɓa taka Gashaka Gumti? Gandun dajin da ya fi kowane girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ofishinsa na nan Serti, a jiharmu. Dutsen Chappal Waddi, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan, yana cikinsa. Masana daga Turai sun yi shekaru suna zuwa nazarin birran dajin, mu kuwa muna neman bashi mu kai yaro kallon kanti. Yara nawa suka hau Mambila, suka ji sanyin Gembu, suka ga yadda ake tsinkar ganyen shayi a Kakara? Nawa suka je Wukari aka ba su tarihin Kwararrafa a inda zuriyarta take? Kuɗin yaro ɗaya na Dubai zai ɗauki yara da yawa zuwa Serti su dawo. Kuma a irin wannan tafiya ba a barin ɗan mai ƙaramin ƙarfi a gida yana jin kunya, ran komawa makaranta ana nuna hotuna shi yana sunkuyar da kai. Wannan rarraba yara da ake yi a aji ɗaya, wasu 'yan jirgi, wasu 'yan zaman gida, ita ma ɓarna ce da la'ada ke haifarwa, kuma ba wanda ke lissafa ta.

Don haka ina roƙonku, iyaye, don Allah kada a sayar da fili ko saniya saboda yaro ya yi kuka, ko don kada a ce ɗan wane ya je naka bai je ba. Ku kai maganar taron iyaye da malamai. Ku ce a kawo lissafi dalla-dalla, a faɗi kason dillali, a faɗi wanda zai hau kujerar kyauta, a kawo farashin kamfani fiye da ɗaya a gwada. Ku ce a rubuta abin da yaro zai koya kowace rana, kuma in an dawo kowane ɗalibi ya rubuta abin da ya gani, ya karanta wa 'yan ajinsu. Ku kuma masu makarantu, ku sa Serti da Gembu a saman takardar baɗi, mu ga iyaye nawa za su ƙi.