MARI BA YA WARKAR DA BAƘIN CIKI

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, maza da mata, da ku 'yan kasuwar Makera da Kakuri, maganarmu ta wannan mako a kan 'ya'yanmu ce, waɗanda ake kira 'yan ƙwaya. Kowa ya san su. Suna nan bayan rumfuna da kangayen masaƙu. Masu mulki ba su san musu magani ba sai uku: kamu, da kulki, da kurkuku. Mu kuwa muna cewa da yawa cikin yaran nan marasa lafiya ne, kuma ciwo biyu ne a jikinsu. Ana ta dukan ɗaya, an bar ɗaya yana cin su.

Wanda aka bari shi ne likitoci ke kira ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai nauyi da ke sauka a zuciya ya ƙi tashi har mako biyu ko fiye. Barci ya ƙaurace wa mutum, abinci ya ƙi shiga, sana'ar da yake so ta fita ransa, ya riƙa ganin ba shi da amfanin kome, wani ma har ya ce gara mutuwa. Yaro a wannan hali in ya haɗiyi tiramol sai ya ji sauƙi na 'yan sa'o'i. Tana sakinsa kuwa sai ya faɗa ramin da ya fi na farko zurfi, ya koma neman wata. Wani kuma ƙwayar ce ta fara, ta jawo masa ciwon. Ko wanne ya riga zuwa, sun zama Hasan da Husaini. In ka raba yaro da kwalba ka bar shi da baƙin cikinsa, ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba.

Ruwa ba ya tsami banza, jama'a. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, wasu masaƙun suka biyo baya, har unguwannin nan suka cika da dubban ma'aikata. Mai tuwo da mai shayi da tela da mai gidan haya duk da albashin masaƙa suka rayu. A 2002 KTL ta rufe, ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin kuɗinsu na sallama. A 2007 babbar masaƙar UNTL ma ta tsaya. Yaron da ya tashi ya tarar da ubansa zaune ba aikin yi, ya gama makaranta shi ma ya zauna kusa da shi, wa ya taɓa tambayarsa abin da ke cikin zuciyarsa?

Binciken da Gwamnati ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 ke shaye-shaye a Nijeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. To, me aka yi? A watan Mayu na 2018 aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Madalla. Amma wanda ya saba sha, ina aka kai shi? Iyaye da suka rasa tudun dafawa sai suka nufi gidajen mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, cikinsu har da ƙananan yara. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Ba ma zagin iyayen nan. Waɗanda suka bar talaka ba shi da wurin zuwa sai gidan mari, su ne za su amsa tambaya.

Za su ce ai akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa, nan kusa da mu. Gaskiya ne, akwai shi. Amma asibiti guda zai ɗauki wannan kaya? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan duka ba su kai 300 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200. Za su kuma ce ai a watan Janairu na 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Mun ji. Sai dai takarda ba ta duba marar lafiya.

Kada wani ya ce mana abin ba ya yiwuwa. Tun 1954 Likita Lambo ya gwada a Aro, kusa da Abeokuta: marasa lafiya suka zauna a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. A 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da maganinsa. Maganin nan ba na tsada ba ne. Yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, ana kuma sha wata da watanni, tare da zama da ma'aikacin lafiya ana tattaunawa.

Don haka ga abin da muke nema. A koya wa ma'aikatan kowane ƙaramin asibiti na Kaduna ta Kudu wannan aiki, a ajiye musu maganin. Duk yaron da aka kama da ƙwayar da zai sha, likita ya duba shi kafin alƙali ya gan shi. A yi maganin shaye-shaye da na damuwa a ɗaki guda, lokaci guda, kada a ce wa yaro sai ya daina sha sannan a saurare shi. Manyan dillalai masu shigo da ƙwaya kuwa, su ne kurkuku ta dace da su.

Mu ma da namu aikin. Kada ku saya wa yaro maganin damuwa a kemis da ka, gama in ya haɗu da tiramol yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. In yaron shagonku ya yi shiru, ya rame, ku jawo shi ku tambaye shi kafin ku kore shi. In ya ambaci mutuwa, kada ku ce wasa yake yi: ku kawar da fiya-fiya daga gida, ku kai shi asibiti ran nan. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Su kuwa masu zuwa mana da gishiri da atamfa lokacin zaɓe, in sun zo, ku tambaye su ina asibitin 'ya'yanmu.