Gandun kiɗa ma yana buƙatar gayauna

Makon nan layin rubutu ya zo kaina, kuma tun da shugabanni sun ce kowa ya taɓo abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, ni nawa shi ne makaɗan karkararmu, musamman waɗanda suka fito ciki ɗaya.

Abin da ya tayar mini da maganar wani biki ne da muka je bayan ƙaramar salla, a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo. Akwai wasu makaɗan kalangu su uku, uwa ɗaya uba ɗaya, da na sani tun ina yaro. Ba zan kama suna ba, mutanen yankin za su gane. Babban ne ke waƙa, mai bi masa ke riƙe da babban kalangu, autan kuma shi ke jan amshi. Ba su da ubangida. Babu sarki ko ɗan siyasar da ya ɗauke su, abincinsu yana wajen biki da suna da wasan mahauta da damben kaka. To a wannan bikin babban kaɗai na gani, da wasu yara biyu 'yan haya da ba su san inda zai ja numfashi ba. Muryarsa tana nan yadda na san ta, amma kiɗan ya zama miya ba gishiri. Da na tambaya sai aka ce mini na tsakiyar yana jan adaidaita sahu a Kano, autan kuma yana dako a kasuwar Getso. Ba su yi faɗa ba, ko musayar yawu ba a ji ba. Wani alhaji ne ya ba da babur a wajen wasa, babban ya hau abinsa, ƙannen ba su ce uffan ba, bayan wata biyu kowa ya kama gabansa.

Idan aka zauna hirar mutuwar kiɗan gargajiya, kowa masu DJ yake ɗora wa laifi, ko 'yan fiyano, ko maganin feshi da ya kashe gayya har gangar noma ta rasa wurin zuwa. Duk akwai gaskiya a ciki. Amma waɗannan ukun suna samun gayyata har ranar da suka watse. Kunyar maganar kuɗi tsakanin wa da ƙani ce ta raba su, kuma ina ganin ita ke cin ƙungiyoyin 'yan uwa fiye da komai.

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da makaɗa ba zai ce ai sai a ɗauko wasu, kalangu kalangu ne. Ba haka abin yake ba. Mawaƙin baka ba ya zuwa fili da rubutacciyar waƙa. Yana hango mutum ya shigo, nan take zai saƙa masa ɗa a cikin waƙar, kuma dole makaɗi da 'yan amshi su san inda zai dire tun bai dire ba. Wannan sanin ba a sayensa, shekaru ne na kwana ɗaki ɗaya da cin tuwo a kwano ɗaya. Ku saurari Alhaji Musa Ɗanƙwairo da kunnen basira. Shi tsarinsa ba irin na maƙwabcinmu Shata na Musawa ba ne, inda 'yan amshi ke maimaita amshi ɗaya shi kuma yana ta zuba. A wajen Ɗanƙwairo jagora zai fara magana, masu karɓi su cafe su ƙarasa, har su yi ƙari, muryoyi suna hawa kan juna kamar saƙar tabarma. Irin wannan sai gida, kuma a gida ya koye shi.

Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin fadar Maradun ne. Da ya rasu, ba Musa ne ya gaje shi ba, wansa Abdu Kurna ne ya zama shugaban kiɗa. Musa ya zauna a ƙarƙashin wansa yana karɓa masa, amma da muƙaminsa: shi ne Daudun Kiɗa, wato mai bi wa shugaba. Ku lura da wannan. Ƙanin yana da suna da matsayin da kowa ya sani a ƙungiyar, ba yaron gida ba ne kawai da ake kira ya ɗauko kotso. Da lokaci ya yi ya ja tasa ƙungiyar, ya zama makaɗin Sardauna Ahmadu Bello a farkon shekarun 1960, ya waƙe sarakuna daga Daura har Kano, ya rasu a 1991, 'ya'yansa da suka tashi suna karɓa masa suka ci gaba da kiɗan gidan. Sunan ƙanin ya fi na wan nisa a duniya, amma har yau duk mai bin tarihin waƙar fada ya san Kurna Maradun.

Mu manoma mun san wannan tsarin tun kafin mu ji shi a kiɗa. Idan uba ya rasu aka bar gandu a hannun babban wa, kowa zai fita aikin gandu da safe, a tara amfani a rumbu ɗaya. Amma magabata ba su tsaya nan ba, sai da suka yanka wa kowane ƙani gayaunarsa, ya noma abinsa da yamma, ya sayar, ya yi wa matarsa zane ba sai ya je ya durƙusa ba. Sun san cewa magidanci mai iyali ba zai daɗe yana miƙa hannu a ba shi na cefane ba, ko da mai bayarwar wansa ne. Gandun da ya hana gayauna ba ya kai wa jikoki. Ƙungiyar makaɗa 'yan uwa gandu ce sak, sai dai yawancin namu na yanzu sun riƙe rumbun sun manta da gayaunar.

Kuma zamani ya ƙara dagula lissafin. Da, liƙi a fili ake yinsa. Kowa yana gani, yaro yana tsincewa yana zubawa a jaka ɗaya, a koma masauki a zazzage a tabarma a ƙirga a gaban kowa. Ko rabon bai yi daɗi ba, an dai san nawa aka samu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, masu kyauta suka saba da cewa a ba su lambar asusu. Asusun wa za a bayar? Na mai waƙa mana. Kuɗi ya shiga waya ɗaya, wayar tana aljihu ɗaya. Ko da Yaya waliyyi ne, ƙani zai kwanta yana lissafi a zuci, matarsa kuma tana taya shi. Ga kuma kyautar da ba ta rabuwa, babur ko babbar riga ko kujerar Makka, wadda mai bayarwa ke miƙa wa wanda ya ambaci sunansa, ya manta da waɗanda suka sa sunan ya yi daɗi.

Kada wani ya ce talauci ne. Tagwayen nan na P-Square da suka tashi a Jos sun tara dukiyar da makaɗanmu ko a mafarki ba su gani ba, amma sun rabu a 2017, suka shirya a 2021, suka sake ɓaɓewa a 2024, kuma maganar kuɗi ce aka yi ta tonawa a gaban duniya.

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa: wai yaya za a yi mutum ya zauna da wansa a ce kashi kaza naka kashi kaza nawa, sai ka ce baƙi? Ai babban wa uba ne. Na yarda uba ne. To amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu, kuma ba ta ware 'yan uwa ba. Gado ma da muke rabawa a gaban malamai ai ba don mun ƙi juna ba ne. Ƙani ya yi shiru don kunya, wa ya ɗauka shirun yarda ce, a haka ake tafiya har ranar da za a nemi kalangu a ga an rataye shi. Nauyin buɗe maganar yana kan babba, domin ƙarami ba zai iya ba. Shi ya kamata ya tara su tun ana dariya, a gaban wani dattijon gida, a faɗi kason mai waƙa da na makaɗi da na ɗan amshi, a faɗi yadda za a yi da babur in ya zo, a kuma yarda cewa ƙani zai iya karɓar ƙaramin wasa shi kaɗai ya ci abinsa. In ma ya ƙosa ya isa jan tasa ƙungiyar, a sallame shi da albarka da kalangu ɗaya.

Mu masu liƙi ma da namu laifin. Nawa ne a cikinmu suka san sunan ko mutum ɗaya daga makaɗan da suke kaɗa wa mawaƙin da muke so? Ni kaina a bikin nan sai da na kama kaina ina nufar goshin mai waƙa, na tsallake yaran da gumi ya jiƙe.

Makon jiya na shiga Kano, na yi sa'a na hau adaidaitar na tsakiyar daga Kabuga. Muka gaisa, na tambaye shi Yaya. Ya ce lafiya lau, jiya ma sun yi waya, yarsa ce za a aurar bayan kaka. Na ce to wa zai yi kiɗan? Ya yi dariya bai amsa ba. Muna tsaye a danja yatsunsa suna ta bugun kan adaidaitar, har na bayanmu ya yi masa ham.