Agadas: baƙon da za a iya samu yanzu, ɗan gida ne

Da an shiga watan Nuwamba, sanyi ya fara sauka a jihar Agadas, tsofaffin masu rakiyar baƙi sukan tuna lokacin da jirgi ke tasowa daga Faransa kai tsaye ya sauke 'yan yawon buɗe ido a filin jirgin Mano Dayak. Daga nan sai duwatsun Ayar, sai rairayin Tenere. Wannan kasuwa ta fara mutuwa da tawayen 2007, ta ƙarasa bayan sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a watan Satumban 2010. Har yau akwai masu jiran ta dawo yadda take, amma da wuya a ga haka nan kusa.

A duniya kuwa wani sabon nau'in baƙo ya bayyana tun zamanin cutar korona. Mutum ne mai aikinsa a cikin kwamfuta, wanda albashinsa ke iske shi ta intanet ko'ina yake. Ba ya son tsadar manyan birane. Yana neman ƙaramin gari mai araha, mai dutse ko ruwa a kusa, inda zai yi wata ɗaya ko uku. Tsibiran Kap Ber da Moris sun buɗe wa irin waɗannan mutane izinin zama na musamman tun 2020, Namibiya ta bi sahu a 2022.

In ana maganar abin gani, Agadas ba ta rasa komai ba. Tsohon garin ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsawon mita 27. Arewa da gari akwai ruwan zafi na Tafadek, akwai Timia da magangarar ruwanta da garaken lemu da rumman, akwai dutsen Bagzan da ya haura mita 2000. Ga bikin Bianu a cikin gari, ga taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina. Matsalar intanet ma ta fara sauƙi, tun da gwamnati ta ba kamfanin Starlink izini a ƙarshen 2024, ya kuma fara aiki a ƙasar a 2025.

Sai dai baƙon waje yana duba tsaro kafin ya duba kyan wuri. A watan Janairun 2025 an sace wata 'yar ƙasar Ostiriya a cikin garin Agadas, a watan Afrilu aka sace wata 'yar Suwizalan, dukansu sun daɗe da zama a garin. Ƙasashen Turai da Amurka na hana mutanensu zuwa yankin, kuma kamfanonin inshora ba sa ɗaukar nauyin wanda ya ƙi jin wannan gargaɗi. Wanda ya dage sai ya fita daji, sai da rakiyar sojoji, abin da mai ƙaramin guzuri ba zai iya biya ba. Ke nan ko da an ƙirƙiro wa masu aiki daga nesa biza ta musamman gobe, da wuya a ga layi a ofishin jakadanci.

Baƙon da ya rage shi ne ɗan ƙasa. Malamin makaranta daga Maraɗi mai hutun ƙarshen shekara, ɗalibin jami'ar Damagaram, 'yar kasuwar Tawa da ke sayar da kaya ta WhatsApp, matashin Yamai da ke fassara ko haɗa shafukan intanet wa ƙungiyoyi. Waɗannan ba sa bukatar biza ko tafinta, domin da Hausa ake ciniki a kasuwar Agadas. Mutanenmu ma sun daɗe suna zuwa Tafadek neman sauƙin ciwon gaɓoɓi, ba tare da kowa ya ƙirga su cikin 'yan yawon buɗe ido ba.

Za a ce irin wannan baƙo ba ya da kuɗi. Gaskiya ne ba ya kashe abin da Bature ke kashewa, amma a duba inda kuɗinsa ke shiga. A da, babban kaso na kuɗin tafiya yakan tsaya a hannun kamfanin jirgi da na shirya tafiye-tafiye tun daga Turai. Shi mai ƙaramin guzuri a gidan haya yake kwana, wajen mai tuwo yake ci, kabu-kabu yake hawa, ya sayi zobe wajen maƙerin azurfa da takalmi wajen baduku. Wanda ya yi wata guda yana aiki a gari ya fi amfanar unguwa a kan wanda ya kwana biyu ya wuce Tenere. Garin da ya ga yadda dokar 2015 kan safarar baƙin haure ta tsayar da direbobi dare ɗaya, kafin a soke ta a Nuwamban 2023, ya san haɗarin dogara da kasuwar da ake yanke hukuncinta a wata nahiya.

Shi ma ɗan gida akwai abubuwan da ke tare masa hanya. Na farko hanyar ce kanta: daga Yamai zuwa Agadas ya haura kilomita 900, kuma duk wanda ya bi titin Tawa zuwa Arlit a motar safa ya san halin da yake ciki. Na biyu wutar lantarki. Garin ya dogara da tashar kwal ta SONICHAR da ke kusa da Cirozerin, kuma lokacin zafi bukata kan fi abin da ake samu. Intanet ba ta da amfani in kwamfuta ta mutu tsakiyar aiki. Na uku farashi. Kuɗin ɗakunan kwana da na hayar mota sun saba da aljihun ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da masu neman zinariya tun da aka gano ta a Jado a 2014. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 42 a wata, irin wannan farashi ya kori yawancin 'yan ƙasa tun kafin su taso.

Gyaran titi da tsaro aikin gwamnati ne, kuma zai ɗauki lokaci. Sauran kuwa suna hannun magabatan gari da 'yan kasuwa. Masu masauki na iya fitar da farashin mako da na wata don 'yan ƙasa. Hukumar gari na iya ware ɗaki guda mai wutar sola da intanet, inda mutum zai biya kuɗi kaɗan ya yi aikinsa na yini. Masu rakiya na iya haɗa mutum shida ko bakwai a mota ɗaya zuwa Timia a raba kuɗin mai, bayan an tuntuɓi jami'an tsaro kan halin hanya. Ma'aikatar yawon buɗe ido kuma ta riƙa tallata Ayar da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyon Maraɗi, Damagaram da Doso.

Sanyin Agadas daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Wata huɗu ne kacal, kuma in ba a shirya tun yanzu ba, na bana ma za su wuce ɗakuna a rufe.