Sharhi: Cefane ya sauya hannu a Katsina, masu talla ba su farga ba

Kalmar talla a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu. Akwai tallan da yarinya ke ɗorawa a kai ta zaga unguwa, akwai kuma wanda kamfani ke biyan kuɗi a saka a rediyo ko talabijin. Shekaru da dama su biyun suna tafiya a kan fahimta guda game da gidan Bahaushe: maigida ke fita ya nemo, shi ke cefane, shi ke yanke abin da za a saya, uwargida kuma tana ciki da girki da reno.

A birnin Katsina na yau wannan tsari ya motsa. Da sassafe a shataletalen Ƙofar Ƙaura ko a titin IBB, iyaye maza ne ke tafe da yara biyu ko uku a kan babur za su makaranta. A daidai lokacin wasu iyaye mata sun nufi aji, ko Asibitin Turai, ko sakatariya. Waɗanda ba sa fita kuwa da yawansu na da shago a cikin waya: atamfa, turaren wuta, yaji, kayan yara, abincin biki. Ɗan kasuwar da bai lura da wannan ba yana ɓata bakinsa ne ga rabin masu yanke shawara.

Cinikin mata ba sabo ba ne

Kuskure ne a ɗauka cewa yau matan Katsina suka fara neman na kansu. A ƙarshen shekarun 1960 wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, garin da yanzu ya kusa haɗewa da birni. A 1969 ta wallafa nazari kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki a ƙasar Hausa. Ta nuna yadda matan kulle ke sayar da hatsi da mai da dafaffen abinci daga cikin gida, yara kuma su ne 'yan aike da 'yan talla. Ga dillalai mata da ke shiga gida-gida da zannuwa da kwanuka, ga adashi da ke tara jari.

Abin da ya sauya shi ne matsayin wannan kuɗi a gida. A da ribar uwa tana tafiya ne a kayan ɗakin 'ya mace, da biki, da gudummawar 'yan'uwa. Yanzu a gidaje da dama ita ke cike giɓin kuɗin makaranta, da magani, da kayan miya idan wata ya yi nisa. Wanda kuma ya sa kuɗinsa a tukunya, dole a saurare shi kan abin da za a dafa.

Abin da ya kawo sauyin

Na farko tsadar rayuwa ce. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin wannan shekarar ba ya riƙe gida mai yara biyar har ƙarshen wata. Rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya ƙara wa Katsinawa nauyi, domin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi jijiya ce ta kasuwancin jihar.

Na biyu waya ce. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa mutanen da ba su taɓa shiga banki ba buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint. Matar da a da sai ta jira maigida ya dawo daga kasuwa, yanzu tana ganin kaya a WhatsApp, ta yi tayi, ta yi tiransifa, mai Keke Napep ya kawo mata har ƙofar gida. Ba ta fita ba, ba ta saɓa wa kowa ba, amma ciniki ya faɗa.

Na uku ilimi. Birnin da ke da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, duk shekara yana yaye 'yan mata da za su zama iyaye masu albashi ko sana'a, masu karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwani kafin su saya.

Na huɗu shi ne mafi ɗaci. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Batsari da Jibiya da Safana da Ƙanƙara sun koro iyalai zuwa gefen birni, kuma a cikinsu akwai matan da aka kashe mazajensu. Irin wannan mata ita ce uwa ita ce uba. Ba ta zaɓi hakan ba, kuma babu tallan da ke nuna rayuwarta.

Shi ma uba ya matso

A al'adar da aka gada akwai kunyar ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, uwa ba ta kiran sunansa, sau da yawa kaka ke rainonsa. Matasan magidanta na yanzu, musamman waɗanda suka bar gidan gado suka kama haya a sababbin unguwanni, ba su da kaka ko gwaggo a kusa. Idan jariri ya yi zazzaɓi da dare, uba ne zai je kemis. Shi zai sayo kunzugun zamani, shi zai zauna da yaro a kan aikin gida, shi zai halarci taron iyaye da malamai. Ita ma gwamnatin tarayya ta amince da wannan a 2021, lokacin da ta ba ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu.

Sai dai tallace-tallacen da ake sakawa a tsakiyar shirye-shiryen Arewa24 da finafinan Kannywood na YouTube galibi suna nan inda suke. Tallan ɗanɗano da sabulun wanki da abincin yara na mace ne, namiji yana zaune a kan darduma yana jiran a kawo masa ya yaba. Tallan banki da fili da siminti da babur na namiji ne, kamar dai mace ba ta sayen fili da kuɗin adashinta. Mai sayar da kayan jarirai ya manta da uban da ke tsaye a gabansa, mai sayar da fuloti ya manta da malamar makarantar da ke tara kuɗi.

Darasi ga ɗan kasuwa

Ba manyan kamfanonin Legas kaɗai wannan ya shafa ba. Ya shafi mai shago a Babbar Kasuwa, da mai kayan miya a 'Yar Kutungu, da mai makarantar kuɗi a Layout.

Wanda ke son ciniki ya sani cewa shawara yanzu ta mutum biyu ce, kuma a waya ake yin ta. Sau da yawa maigida yana tsaye a shago yana tura hoto gida, sai an ce masa "wannan" zai biya. Don haka hoto mai kyau, da farashi a bayyane, da saƙon murya cikin Hausa ga wadda ba ta yi nisa a boko ba, sun fi allon talla a bakin titi amfani.

Amana ita ce jari. Matar da ta sayi tiyar gero ko yadi biyar ba tare da ta gani da ido ba, idan aka rage mata awo sau ɗaya, kafin la'asar duk zauren WhatsApp na unguwarsu ya ji. Idan aka cika mata kuwa, ita za ta kawo wasu goma ba tare da an biya ta ko sisi ba.

Girman ƙulli ma magana ce. Gidan da ke haɗa kuɗin cefane daga aljihu biyu kullum ya fi buƙatar ƙananan ledoji da biya kaɗan-kaɗan. Makarantar da ta yarda a raba kuɗin zango gida uku, ta kuma riƙa tura sanarwa ga lambar uwa da ta uba, ta fahimci iyayen da take hulɗa da su.

Inda ya kamata a taka birki

Sauyin da ake gani a aikace bai sauya hukunci ba. A shari'ar Musulunci ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji, dukiyar mace kuma tata ce. Abin da ta sa a gida alheri ne. Tallan da zai nuna cewa mace tagari ita ce mai ɗaukar komai ta yi shiru, yana ba rago lasisin zama ne. Haka wanda zai mayar da uba abin dariya, wanda bai iya goyo ko haɗa koko ba, zai kori mazan da suka fara matsowa. A Birtaniya an kafa ƙa'ida a 2019 da ta hana irin wannan, kuma cikin tallace-tallacen farko da aka dakatar akwai na cukwin Philadelphia, wanda ya nuna iyaye maza biyu sun shagala da abinci sun manta da jariri.

Babban haɗari yana wajen abincin yara. Uwar da ke komawa aiki ko sana'a da wuri ita ce aka fi yi wa tallan madarar gwangwani da kayan zaƙi masu sunan gina jiki. A jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta saboda tamowa a watanni shida na farkon 2025, wannan ba abin wasa ba ne. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a, kuma NAFDAC ke da alhakin tabbatar da ita a Najeriya. Likitoci na nan kan shawarar nonon uwa zalla na wata shida. Kuɗin da talla ya janye zuwa biskit da lemon kwalba, daga bakin wake da ƙwai da gyaɗa aka cire shi.

Akwai kuma yarinyar da ke ɗauke da faranti. Idan uwa za ta iya sayar da awara ko dambu ta waya, mai babur ya kai, hujjar tura 'yar shekara goma tasha ta ragu. Katsina na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya a 2020 don tsayar da 'yan mata a sakandare. Gina aji ba zai wadatar ba muddin cinikin gidan yana kan yarinyar.

Abin da ya rage

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar SMEDAN kafin ya hau mulki, ya kuma kafa KASEDA don ƙananan sana'o'i. Ya dace horon da hukumar ke bayarwa ya isa ga matan da ke ciniki daga ɗaki: yadda ake ɗaukar hoton kaya, da rubuta lissafi, da gane tiransifar bogi. ARCON, wadda dokar 2022 ta ba ikon tantance talla har na intanet, tana buƙatar kunnuwan da ke jin Hausa, domin akwai tallan maganin ƙiba da na ƙarin basirar yara a TikTok da ake yi da Hausa. Gidajen rediyon jihar su ma suna da ikon ƙin karɓar tallan da ke yaudarar iyaye, ko da akwai kuɗi a ciki.

Gidan Bakatsine na yau hannu biyu ke riƙe da shi, wani wurin ma hannu ɗaya ne na mace. Ɗan kasuwar da ya yi wa uwa da uba magana cikin mutunci, ya faɗi gaskiyar kayansa, zai sami abokan ciniki na shekaru. Wanda ya tsaya a kan hoton gidan da kakansa ya sani, zai ga masu Keke Napep suna wuce ƙofar shagonsa da kayan da aka saya a wani wuri.