Jinjina ga Zalika Souley, da Bashin da Ke Kanmu

A shekarar 1966, shekara 24 kafin a yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, wata budurwa 'yar Yamai da ba ta cika ashirin ba ta sa wando da malafa irin ta kaboyi, ta tsaya gaban kyamarar Moustapha Alassane. Fim ɗin shi ne Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka addabi gari. Budurwar ita ce Zalika Souley, wadda ake lissafawa cikin matan farko da suka riƙi fim sana'a a Afirka ta kudu da Sahara.

Ta cancanci jinjina, kuma ba don ta riga kowa kaɗai ba. Abin da ya fi burge ni shi ne irin rawar da ta yarda ta taka. A wancan zamani mace ta fito a majigi ma abin magana ne, balle ta fito a matsayin muguwa. Zalika ta karɓi abin da wasu za su guda. Ta fito a Cabascabo na Oumarou Ganda, labarin tsohon sojan Faransa da ya dawo daga yaƙin Indocina, abokan cin mushe suka tatse shi. A Le Wazzou polygame kuwa ita ce matar Alhaji ta biyu, wadda kishi ya rufe wa ido da aka ce za a kawo ta uku. A daren biki ta ɗaura niyyar kashe amarya, sai ta kashe ɗaya daga ƙawayen amaryar bisa kuskure. Wannan fim ne ya ciwo wa Nijar babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1972, karon farko da aka fara bayar da ita. Ganda ya karɓi kambu, kuma ya cancanta. Amma kishin da ke ci a fuskar matar nan, wanda ya sa mai kallo ya ji tsoronta ya kuma tausaya mata, aikin Zalika ne.

Ta biya kuɗin wannan ƙwarewa da mutuncinta. Masu kallo da yawa ba su raba wasa da gaskiya ba, suka ɗora mata halin matan da take kwaikwayo, ana nuna ta da baki a unguwa. Duk 'yar fim ɗin Kano da aka taɓa jifa da baƙar magana saboda rawar da ta taka ta san zafin abin. Zalika ba ta janye ba. Ta yi Saïtane, ta yi L'Exilé a 1980, ta yi Aube noire na Djingarey Maïga.

Daga nan kasuwa ta watse. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, kuɗin shirya fim ya ƙafe, gidajen sinima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Jinjina ta biyu ta Rahmatou Keïta ce. Ita ce ta ɗauki kyamara ta bi tauraruwar har gida, ta fitar da Al'lèèssi a 2004. Abin da ta nuna ba ya goguwa a zuciya: matar da ta wakilci ƙasarta a bukukuwan fim na duniya tana zaune da 'ya'yanta huɗu a gida mai ɗaki biyu, ko famfo babu. Ƙarshenta sai da ta tsallaka ƙasar waje tana aikatau. Da ba don Rahmatou ba, da wannan labari ya bi iska. Zalika ta rasu ranar 27 ga Yulin 2021. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

To, yabo ba ya sauke nauyi. Ka tambayi matashi a Maraɗi ko Damagaram wace ce Zalika, da wuya ka sami amsa, alhali zai jero maka jaruman Indiya na shekarun 1970 ba tare da ya numfasa ba. Ba laifinsa ba ne. An kai masa na Indiya har cikin wayarsa da Hausa tsantsa, na gida kuwa ba a kai masa ba. Yawancin finafinan Ganda da Zabarmanci aka yi su, rubutun ƙasa kuma da Faransanci. Masu fassarar finafinai a Kano sun nuna cewa harshe ba shamaki ba ne. Mutanen da suka sa jarumin Mumbai ya yi Hausa ba za su gaza da Le Wazzou polygame ba, labarin da kowane gidan mata biyu zai gane tun daga fitowar farko. Abin da ake bukata shi ne izinin masu haƙƙin mallaka da kwafi mai kyau.

Wannan aiki na hukumar finafinai ta Nijar ne, CNCN, da ma'aikatar al'adu: su bi sawun finafinan duk inda suke ajiye, a gyara su, a fassara da Hausa da sauran harsunan ƙasa, a nuna a Télé Sahel da makarantu. Cibiyar al'adu da ke ɗauke da sunan Oumarou Ganda a Yamai ita ta fi dacewa da zama ma'ajiyarsu.

Akwai kuma tsofaffin 'yan wasa da ke raye, a Nijar da Arewacin Najeriya, waɗanda sai rashin lafiya ya kwantar da su ake jin sunansu, ana neman taimako a rediyo da Facebook. Ƙungiyoyin 'yan fim su kafa asusun jinya da na tsufa, a riƙa cire wani kaso daga kowane fim ana zubawa. Ranar 7 ga Oktoban 2027 za a cika shekara 80 da haihuwar Zalika. Lokacin ya isa a fassara ko da fim ɗaya nata, a haska shi a Yamai da Damagaram da Kano a rana guda.